Murya da Asali: Sharhi a Kan Kwaikwayon Bagwari da Bafillace a Wasannin Hausa, Tare da Misalai Daga Birnin Gwari

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu yi sharhi a kan wata al'ada da ta zauna daram a wasanninmu na kwaikwayo, watau yadda ɗan wasa yake karya harshensa domin mai sauraro ya gane, tun kafin a faɗa masa, cewa wannan Bagwari ne, wancan kuwa Bafillace ne. Abin da muke so mu nuna shi ne, kunnen ɗan Adam sauti kaɗai yake ji. Matakin da mai sauraro yake takawa daga sautin zuwa ga ƙabila, sa'an nan daga ƙabila zuwa ga hali, abu ne da aka koya masa, kuma wasan kwaikwayo yana cikin manyan makarantun da aka yi wannan karatu a cikinsu. Mun zaɓi ƙasar Birnin Gwari domin kafa hujja saboda dalili biyu. Na farko, sunan garin kansa yana ɗauke da kalmar da Bahaushe ya mayar ma'aunin gurɓatacciyar magana. Na biyu kuwa, a wannan ƙasa hukuncin da kunne ke yankewa ya daɗe da wuce abin dariya.

Birnin Gwari, mahaɗar muryoyi

Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, kimanin kilomita 120 daga birnin Kaduna, a kan tsohuwar hanyar da motoci ke bi zuwa Tegina har Ikko. Ta yi iyaka da ƙasar Ɗansadau ta Jihar Zamfara, da kudancin Katsina ta wajen Sabuwa inda hanyar Funtuwa ta biyo, da kuma Jihar Neja. Dajin Kamuku, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999, ya haɗe da dajin Kuyambana, shi ya sa mutum yana iya fita daga wata jiha ya faɗa wata ba tare da ya taka kwalta ba. Cikin gari da ƙauyukan da ke kewaye da shi suna ƙarƙashin mazaɓu uku da ake kira Magajin Gari. Mazauna ƙasar sun haɗa da Hausawa, da Fulani, da Kamukawa, da Gwarawa, waɗanda suke kiran kansu Gbagyi, kuma Hausa ce harshen da ya haɗa su duka a kasuwa da masallaci da fada.

To, amma wace Hausa? Wanda ya tsaya a kasuwar garin ya kasa kunne zai ji mai cewa "sunka tahi" kusa da mai cewa "suka tafi". Zai ji "hwata" da "fata", da "zamna" da "zauna", da "ɗiya" da "'ya". Wani zai ce "shi na", wani ya ce "shi ne". Wanda ya fito ta wajen Zariya kuwa yana iya cewa "motan Audu" a inda Bakano zai ce "motar Audu". Duk waɗannan bambance-bambance sanannu ne ga mahalarta wannan taro. Bargery ya jero da yawa daga cikinsu a gabatarwar ƙamusunsa na 1934, Ahmadu Bello Zariya kuma ya yi musu nazari mai zurfi a kundinsa na digiri na uku a Jami'ar Indiyana a 1982. Daga irin waɗannan ayyuka ne muka gaji rabon Hausa zuwa ta gabas da ta yamma, da kuma sa wa kare-karen harshe sunayen manyan birane, watau Kananci da Sakkwatanci da Katsinanci da Zazzaganci da sauransu.

Ba mu raina wannan aiki ba, domin ba don shi ba da ba mu sami abin da za mu tsaya a kai ba. Sai dai aiki ne da ya dubi bakin mai magana, ya bar kunnen mai sauraro. Ya gaya mana wanda ke cewa "munka", bai gaya mana abin da ke ɗarsuwa a zuciyar mai shago a Magajin Gari in ya ji baƙo ya ce "munka" ba. Bugu da ƙari, taswirar da aka zana da sunayen birane ba ta da gurbin da za a sa gari irin Birnin Gwari, wanda ke tsakanin Zazzau da Katsina da Zamfara, kowacce tana zuba masa nata. Mai sauraro na kasuwa shi ba ya yawo da taswira. 'Yan tukwane ne ƙalilan gare shi, ya ce wannan namu ne, wannan Bazamfare ne, wannan Bafillace ne, wannan Bagwari ne, kuma kowace murya ta shigo kunnensa dole ta faɗa ɗaya daga ciki, ko da kuwa ba nan ne gidanta ba.

Ya kamata mu ɗan dakata a kan kalmar "gwaranci". Bisa ƙa'idar ginin kalma, ma'anarta harshen Gwarawa, kamar yadda Nufanci yake harshen Nufawa. Amma Bahaushe ya faɗaɗa ta, har ta zama sunan duk maganar da ba ta fita sosai. Jariri in ya fara koyon magana, a ce yana gwaranci. Wanda bai gane bayani ba yakan ce a yi masa gwari-gwari, watau a warware masa filla-filla kamar yadda za a yi wa wanda ba ya jin Hausa. In muka tuna cewa labarin Bayajida ya sa Gwari cikin Banza Bakwai, za mu ga cewa hukuncin ya riga ya shiga cikin harshe tun kafin wani Bagwari ya buɗe baki. Ga shi kuwa akwai dubban mutane a ƙasar Birnin Gwari waɗanda kakanninsu Gwarawa ne ko Kamukawa, amma Hausa suka buɗe baki da ita, babu mai iya rarrabe su da maƙwabtansu ta hanyar furuci.

Inda kunne ya yi karatu

Yaron Bahaushe yana fara haɗa murya da hali tun a dandalin tatsuniya. Mai ba da tatsuniya in ta zo kan Gizo sai ta sa tsamin baki, ta ce "shayki" maimakon "sarki", ta ce "yuwa" maimakon "ruwa", yara su kwashe da dariya, domin sun san maƙaryaci mai wayo ya iso. Sai dai Gizo ba shi da ƙabila, ba shi da 'yan'uwa a bayan gari da za a tsokana da tsamin bakinsa. Haka nan a wasan barkwanci da ke tsakanin Kanawa da Zazzagawa, ko Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarabawa, ana kwaikwayon maganar juna ƙwarai da gaske. Amma wannan wasa yana da sharaɗi, shi ne abokin wasan yana nan a tsaye, yana da bakin ramawa, kuma yakan rama har da riba. Abin da rediyo da talabijin da faifan bidiyo suka yi shi ne, sun ɗauki kwaikwayon sun bar ramuwar.

Duk da haka ba za mu yi wa wasannin kuɗin goro ba. "Samanja Mazan Fama", wanda Usman Baba Pategi ya shahara da shi a gidajen rediyo da talabijin na Kaduna tun shekarun 1970, an gina shi ne kacokan a kan karyayyiyar Hausa, watau Hausar bariki mai gauraye da Turancin soja. Graham Furniss ya tattauna wannan wasa a littafinsa na 1996 a kan adabin Hausa. A ganinmu Samanja ya tsira daga aibin da muke magana a kai, kuma dalilin tsirarsa abin lura ne. Muryar Samanja ta sana'a ce. Wanda ya ji ta barikin soja yake tunawa, inda Banufe da Batibi da Bahaushe da Babarbare suka haɗu suka ƙera wata Hausa ta aiki. Sa'an nan mai karyayyiyar Hausar shi ne mai iko a cikin wasan, shi ke tsawa a yi shiru, shi ke warware rikici, kuma sau da yawa gaskiya a bakinsa take. Mai sauraro yana yi wa furucinsa dariya, amma ba ya raina hankalinsa. Pategi kansa, wanda ya rasu a Nuwamba 2023, mutumin ƙasar Nufe ne, kuma ya yi aikin soja, saboda haka murya ce da ya zauna a cikinta, ya san inda take karyewa da inda ba ta karyewa.

Da finafinan bidiyo suka bunƙasa daga 1990, musamman na barkwanci da ake kira camama, sai kwaikwayon ƙabila ya zama sana'a mai zaman kanta. Akwai waɗanda suka ƙware, alal misali Yusuf Haruna da aka fi sani da Baban Cinedu, wanda ya yi suna wajen fitowa a matsayin mutumin Ibo. Amma Bagwari da Bafillace na irin waɗannan finafinai, in aka dube su da idon nazari, ba mutane ba ne, tarin alamomi ne guda uku ko huɗu. Bafillacen wasa yana da sanda da malafa, yana cewa "jo" maimakon "zo", da "jauna" maimakon "zauna", yana rantsuwa da "aradu" a kowace jimla, yana kiran mace "shi" namiji "ita". Bagwarin wasa kuwa yana mayar da "ƙ" ta koma "k", da "ts" ta koma "s", har "tsaya" da "saya" su rikice masa, daga nan a ƙulla dariyar. Kuma kullum alamar furucin tana tafe da alamar hali. Bafillace bai san gari ba, ga taurin kai da saurin fushi. Bagwari kuwa a cuce shi a kasuwa bai gane ba.

Ba mu ce waɗannan alamomi ƙagaggu ne ba. Suna da tushe a tsarin sautin harsunan. Fillanci ba shi da "z" a asalinsa, ba shi da "ƙ" da "ts", ba ya kuma rarrabe ma'anar kalmomi da karin sauti kamar yadda Hausa ke yi. Maimakon jinsin namiji da tamata, sunayensa sun kasu ne zuwa azuzuwa fiye da 20. Saboda haka wanda ya tashi a ruga da Fillanci, ya koyi Hausa da girmansa, lalle za a ji wasu daga cikin waɗannan abubuwa a bakinsa. Amma Fillanci yana da "ɓ" da "ɗ" da "'y" kamar Hausa. Duk wanda ya ji ɗan wasa ya ce "daki" ko "barawo" da sunan yana kwaikwayon Bafillace, to ya san ba a ruga ya ɗauko ba, a wajen wani ɗan wasan ya ɗauko. Wannan shi ne babban aibin, watau kwaikwayon ya daina komawa ga masu harshen, yana komawa ga kwaikwayon da ya gabace shi, har aka wayi gari mai kallo yana auna Bafillacen gaske da na fim, in bai yi daidai da shi ba ya ce wannan ai ya zama Bahaushe.

Akwai wani abu kuma da ya fi wannan nuna cewa hukuncin ba a cikin sautin yake ba. Rashin rarrabe jinsi, wanda ake yi wa Bagwari dariya a kansa, yana nan a Hausar Zazzau da ta Bauci, inda ake jin "rigan" da "matan" a wurin "rigar" da "matar". In Bazazzagi ya faɗa, masana su ce karin harshe ne, abokin wasansa Bakano ya tsokane shi a wuce wurin. In Bagwari ya faɗi wannan kalma da wannan furuci, sai a ce gwaranci. Sautin ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne wanda aka ɗauka ya yi shi.

Abin da gwaje-gwajen wasu ƙasashe suka nuna

Wannan magana ba hasashe ba ce, an gwada ta a wurare da dama. A 1960 Wallace Lambert da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi a birnin Montiriyal na Kanada. Sun sa mutanen da suka iya Faransanci da Ingilishi sun karanta rubutu ɗaya da harsunan biyu, aka ɗauki muryoyinsu, aka sa wa ɗalibai ba tare da an gaya musu mutum guda ne ya yi murya biyu ba. Ɗaliban suka ba muryar Ingilishi fifiko a kan hankali da kyan sura, har da tsawo, abin da ba a gani a faifai. Abin mamaki, ɗalibai masu jin Faransanci su ma sun fifita muryar Ingilishi a kan ta harshensu. Ya kamata wannan ya sa mu tambayi kanmu yadda yaron Gbagyi yake jin Hausar mahaifiyarsa bayan ya gama kallon Bagwarin fim.

A Amurka kuma, John Baugh ya riƙa buga wa masu ba da hayar gidaje waya a yankin San Faransisko, wani lokaci da Ingilishin baƙaƙen fata, wani lokaci da na 'yan asalin Meziko, wani lokaci da daidaitaccen Ingilishi. A unguwannin da farare suka fi yawa, murya ta uku ce ta fi samun iznin zuwa duba gida. A rahoton da shi da Purnell da Idsardi suka buga a 1999, sun nuna cewa masu sauraro suna iya gane karin harshen daga kalmar gaisuwa guda ɗaya tak, fiye da sau 70 cikin 100. Masu cewa kunne ba ya ƙarya sukan kafa hujja da wannan adadi. Amma sun manta cewa duk muryoyin uku daga maƙogwaron mutum ɗaya suka fito. Ashe abin da kunne ya gane da sauri shi ne salon magana, mai maganar kuwa ya ɓace masa sau biyu cikin uku.

Gwajin da ya fi kusa da batunmu shi ne na Donald Rubin a 1992. Ya sa wa ɗalibai lacca da muryar wata Ba'amurkiya 'yar Jihar Ohayo. Wasu aka nuna musu hoton Baturiya, wasu hoton mace 'yar Asiya, aka ce ita ce mai maganar. Waɗanda suka ga hoto na biyu suka ce sun ji baƙon furuci, kuma fahimtarsu ga laccar ta ragu, alhali faifai ɗaya aka sa wa kowa. Nancy Niedzielski ta sami irin wannan a Ditiroyit a 1999, inda rubuta "Kanada" ko "Mishigan" a kan takardar amsa ya sauya wasalin da mutane suka ce sun ji. Watau abin da mutum ya sa rai zai ji yana shiga cikin abin da ya ji. Sai dai duk waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne a cikin kwanciyar hankali, a ɗakin karatu ko a kan neman gidan haya. Ba a yi su a kan mutumin da aka kama ɗansa jiya da dare ba.

Murya a cikin waya

Mahalarta sun san halin da ƙasar Birnin Gwari ta shiga. A Oktoba 2012 aka kashe mutum fiye da 20 a Dogon Dawa, yawancinsu a lokacin sallar asuba. A Mayu 2018 aka kashe aƙalla 45 a Gwaska. A Maris 2021 aka sace malamai 3 daga makarantar firamare ta Rama a mazaɓar Magajin Gari ta biyu. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba na wannan shekara gwamnatin jiha ta sa aka rufe layukan waya a yankin, abin da ke nuna matsayin waya a cikin wannan ta'asa. Garkuwa da mutane sana'a ce ta murya. Iyalan wanda aka kama ba sa ganin fuskar kowa. Waya ce za ta yi ƙara, wani ya faɗi kuɗin fansa, a yi ciniki kwana da kwanaki. In an tambaye su su wane ne, abin da suke da shi na shaida bai wuce abin da kunnensu ya ji ba.

To, mene ne ingancin wannan shaida? Layin waya na yau da kullum, irin wanda ƙananan wayoyin karkara ke aiki da shi, yana ɗaukar sautin da girgizarsa ke tsakanin 300 da 3,400 a daƙiƙa, ya zubar da sauran. Yawancin ƙarfin sautin "s" yana sama da wannan iyaka, shi ya sa "s" da "f" da "sh" sukan yi kama da juna a waya. Ke nan wasu daga cikin ƙananan alamomin da masanin furuci zai dogara da su sun riga sun dushe kafin su iso kunne. Abin da ya rage shi ne manyan alamomi, watau zaɓin kalma, da rantsuwa, da hawa da saukar murya, da irin su "jo" da "aradu". Waɗannan kuwa su ne mafi sauƙin kwaikwayo, kuma finafinanmu sun shekara 30 suna koya wa kowa yadda ake yin su. Babu abin da zai hana ɗan gari wanda ya san gidan da zai buga wa waya ya ari muryar ruga, kamar yadda Baugh ya ari muryoyi, musamman da yake ya san abin da mai ɗaukar wayar ya riga ya sa rai zai ji.

Kada a fahimce mu a karkace. Ba muna cewa babu Fulani a cikin 'yan bindigar dajin ba. Da yawa daga cikin shugabanninsu makiyaya ne a asali, kuma sun faɗi haka da bakinsu a shirye-shiryen da gidan talabijin na Trust da sashen binciken BBC suka fitar a 2022. Amma wanda ya saurari waɗannan shirye-shirye da kunnen nazari zai lura cewa Hausa ake yi da su, kuma Hausar yamma ce irin ta Zamfara, mai "munka" da "anka". Wannan kuwa ita ce Hausar manomin Ɗansadau da aka ƙone wa rumbu ya gudo Birnin Gwari neman mafaka. Mai kashewa da wanda ya tsere wa kisa karin harshensu ɗaya. Kuskuren da kunne ke yi kuskure ne na juya magana. Daga "ɗan bindigar da ya kira ni haka yake magana" sai a tsallaka zuwa "mai magana haka ɗan bindiga ne", kuma wanda ke biyan kuɗin wannan tsallake shi ne mai tallar nono, da makiyayin da shi ma aka kore wa shanu, da baƙon da ya sauka a tasha ya tambayi hanya. A inda 'yan sa kai ke tsare hanya, amsar sallama tana iya zama shari'a.

A ɗaya gefen kuma, akwai wanda kunne ke wankewa ba tare da bincike ba. Mutanen yankin da jami'an tsaro sun sha kokawa da waɗanda ake kira infoma, watau masu kai wa 'yan daji labarin wanda ya sayar da hatsi ko wanda ya dawo daga tafiya, da masu kai musu man fetur da burodi. Irin waɗannan a cikin gari suke, Hausarsu ta gari ce, ba "jo" ba "aradu". Ma'aunin da ya kama marar laifi saboda furucinsa shi ne ya saki mai laifi saboda nasa.

Tarihi ya nuna inda wannan hanya take kaiwa in ba a taka mata birki ba. A Oktoba 1937 sojojin Trujillo na Jamhuriyar Dominika suka kashe dubban 'yan asalin Haiti a kan iyaka, kuma labarin da ya shahara shi ne an riƙa sa mutum ya faɗi sunan wani ganye da Sifaniyanci, in "r" ɗinsa ba ta fita yadda ake so ba, shi ke nan. Masana tarihi suna da saɓani a kan yawan amfani da aka yi da wannan gwaji, amma an tabbatar cewa cikin waɗanda aka kashe akwai waɗanda a ƙasar Dominika aka haife su.

A Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi 'yan bindigar da suka ce sun tuba, aka kuma sake buɗe karar shanu wadda ta daɗe a rufe. Ko mene ne ra'ayin mutum game da wannan sulhu, buɗe kara yana nufin muryoyin da aka shekara ana ji a waya kaɗai, cikin tsoro, su dawo ana jin su ido da ido wajen cinikin sa da tunkiya. A nan ne marubucin wasa yake da aikin yi. Ba muna neman a daina sa Bafillace ko Bagwari a wasa ba, ko a sa su yi Kananci, domin wannan ma shafe su ne. Muna neman ɗan wasa ya koma ruga da ƙauye ya saurara, ya kawo Bafillace biyu a wasa ɗaya waɗanda Hausarsu ba iri ɗaya ba ce, ya kawo Bagwari malamin asibiti wanda "ƙ" ɗinsa ba ta fita amma maganinsa yana ci, ya kuma ba su bakin ramawa irin wanda barkwancin gargajiya ya ba su. Samanja ya nuna cewa ana iya yin haka kuma mutane su yi dariya.

Manazarta harshe kuwa, gwajin Lambert ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ana iya samun mutum huɗu ko biyar a Birnin Gwari waɗanda kowannensu ya iya Hausar gari da ta Zamfara da ta ruga, a ɗauki muryarsu suna faɗin magana ɗaya, alal misali tambayar farashin buhun masara. A sa wa masu sauraro sau biyu, sau ɗaya kai tsaye, sau ɗaya ta cikin ƙaramar waya, a tambaye su daga ina mai maganar yake, mece ce sana'arsa, kuma za su ba shi masauki in dare ya yi masa. Ya kamata masu sauraron su haɗa da Hausawa da Fulani da Gwarawa da Kamukawa, maza da mata, da waɗanda suka taɓa karɓar wayar neman fansa da waɗanda ba su taɓa ba, in sun yarda, kuma a ɓoye sunayen kowa. Sai an yi hattara wajen zaɓen wanda zai yi tambayoyin, domin shi ma da murya zai yi su, kuma masu amsawa za su riga su sa shi a tukunya tun daga sallamarsa.